Saboda hulata Baban Habu ya shiga motar

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, ka ɓoye hotona, in da hali ka ɓoye har inuwata, domin rabin Agege suna cikin gurup ɗin nan kuma ba su da aiki sai gane rubutun mutum. Na canza sunaye, na canza wasu abubuwa, wanda duk da haka ya gane ni ya rufa mini asiri ya karanta har ƙarshe. Don Allah ku ba ni shawara, yau sati uku ke nan ban yi dariya da bakina a buɗe ba, kuma in kun san ko ni wane ne za ku san wannan ba ƙaramin ciwo ba ne.

Ni haifaffen Agege ne, a bayan layin dogo aka binne cibiyata, Yarbanci har mafarki nake yi da shi. Danfo kuwa, bas ɗin hayar Lagos, tun ina cikin uwata nake shigarta, ina kwance a ɗaki in na ji ƙarar inji zan gaya maka ta Oshodi ce ko ta Iyana Ipaja, in gaya maka ko direban ya karya ko bai karya ba. Kullum da safe ina teburin wani abokina mai shayi, zan kira shi Habu, mutumin Nijar ne daga wajen Tawa, shekararsa takwas a nan amma har yau ɗan sanda jandarma yake ce masa. A teburin nan nake buɗe makaranta. Duk wanda ya sauko daga motar shanu ko ta albasa jiya, idonsa a waje yana kallon gada kamar zai gaishe ta, ni nake zaunar da shi in karanta masa Lagos. Riƙe canjinka kafin ka shiga, waya a aljihun gaba, kada ka yi barci ko da direban ƙanen babanka ne, in kwandasta ya zage ka kada ka ji haushi gaisuwa ce. Sannan in zo kan babban darasi, wan cans. Ga waɗanda ke karantawa daga gida, wan cans mota ce kamar kowace danfo, fenti ɗaya, kira ɗaya, sai dai direba da kwandasta da fasinjojin ciki duk bakinsu ɗaya, kai kaɗai ne fasinjan gaske, sai an hau titi a rufe ƙofa a juyo kanka. To ni maganin da nake ba mutanenmu guda ɗaya ne, kuma na faɗe shi ya fi sau dubu, ina bugun tebur har kofi na tsalle. Nakan ce kafin ka sa ƙafa ka leƙa, in ka ga namu a ciki, mai hula, to bismilla, in ba ka ga hula ba ka bar ta ta wuce ko da kyauta ce. Har suna suka sa wa abin, wai dokar hula.

Abin da ban taɓa faɗa a teburin ba shi ne, tun da aka kama mini babur ɗina na okada, wani lokaci da safe ina yin shado. Shado shi ne a ce ka shiga mota ka zauna kamar fasinja, don mutanen Lagos ba sa shiga motar da babu kowa, kowa so yake ya ga saura mutum biyu a tashi. Sai ka zauna ka ɓata rai, kana duba agogon da ba ka da shi, kana yi wa direba tsawa wai ka makara ofis, in fasinjojin gaske sun fara cika sai ka ce au na manta abu, ka zame, a ba ka na shayi. Ni a wajena wasa ne, kuma wallahi na iya, akwai ranar da na yi fushin makara har direban da ya ɗauke ni aikin ya ba ni haƙuri da gaske. Amma a cikin tasha nake yi, da direbobin da na san gidajensu.

Ranar wata Talata, sati uku da suka wuce, hadari ya haɗo, wajen bakwai da rabi na safe, gari ya waye tangaran, ina tafe a bakin babban titi ban kai tasha ba sai wani kwandasta ya yafito ni. Ban san shi ba, motar ma ban san ta ba, a gefen titi ta tsaya ba a layi ba. Ya ce aboki zo ka zauna mana minti goma. Ni da in aka ce mini aboki sai na zazzage wa mutum Yarbancin da kakarsa ma ta manta, ranar sai kawai na bi shi, yunwa nake ji. Zafi ya sa na cire hulata zan cusa a aljihu, sai ya riƙe mini hannu ya ce a'a, bar ta a kanka, kuma ka zauna ta taga. Na yi dariya na ce oga ashe hular ce kuka ɗauka aiki ba ni ba. Shi bai yi dariya ba.

Jama'a ni da nake cewa ko kuda ya shiga danfo na san inda zai sauka, duk alamun da nake koya wa mutane suna gabana ranar, ban ga ko ɗaya ba. Mutum biyar ne a ciki, wani da taye da fayil a cinya, wata mata da kwandon kasuwa babu komai a ciki, sauran maza. Babu mai danna waya. Babu mai zagin direba. Babu wanda ya ce wa wani matsa ka taka ni. Ku gaya mini, a ina aka taɓa ganin danfo a garin nan mutum biyar sun zauna minti biyar ba a yi faɗa ba? Ni a lokacin cewa na yi a raina yau na faɗo cikin 'yan boko.

Sai ga wani dattijo, dogo, siriri, farar riga da ta sha wanki, da baƙar leda a hannu. Ina kallonsa ya leƙa mota ta farko ya ja da baya, ya leƙa ta biyu ya ja da baya, da ya zo tamu ya ɗaga kai muka haɗa ido, sai fuskarsa ta saki gaba ɗaya kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Ya ce, "Ina kwana samari, wagga mota ita ka zuwa Oshodi?" Ni kuwa bakin nan nawa da ba ya hutu, na ce, "Baba shigo, wannan ba mota ba ce jirgin sama ne, kafin ka gama salati mun isa." Ni na miƙa hannu na jawo shi, ni na matsa masa. Ya zauna yana haki, ya ce Isolo za shi wajen wani ɗan ƙanensa mai gadi, an ce in ya sauka Oshodi ya sake wata motar. Ya ce ɗansa ya so ya rako shi, shi ya hana, don kada yaron ya rufe sana'arsa, amma ɗan ya ja masa kunne kada ya kuskura ya shiga motar da babu mai hula a ciki. Wallahi a lokacin daɗi na ji, na ce a raina kai, dokata har ta zagaye Lagos ta dawo ta same ni. Ya buɗe ledarsa ya ɓallo mini cuku, irin busasshen nan na Nijar, tsarabar da zai kai, ya ce, "Ungo yaro. Tunda na ga namu ciki hankalina ya kwanta."

Ko minti biyu ba a yi ba kwandastan ya buga rufin mota sau biyu ya yi mini ido. Mota ba ta cika ba, mutum ɗaya tak ya shigo, kuma ni kaɗai aka ce in sauka, sauran biyar ɗin ko motsi ba su yi ba. Wannan ma ban tsaya na yi tunaninsa ba. Na ce, "Baba riƙe mini wurina, bari in kama ruwa in dawo." Ya ɗauki ledarsa ya ɗora a kujerata don kada wani ya zauna. Ina sauka kwandastan ya danƙa mini abin da zai ba ni, ya ja ƙofa ya rufe, danfo da ƙofa a rufe, mota ta fizga. Sai na ji tsohon yana bugun gilashi da tafin hannu yana ɗaga murya, "Ku tsaya, akwai yaro! Akwai yaro!" Ni yake nufi. Tsoro yake kada a tafi a bar ni. Na ɗaga masa hannu ina dariya, na jefa cukun a aljihu, na wuce na ci wake da burodi, har da ƙari.

Da la'asar na biya teburin Habu na tarar an kife benci. Maƙwabcinsa mai gyaran takalmi ya ce ba ka ji ba, 'yan wan cans sun jefo mahaifin Habu daga mota. Na san tsohonsa ya zo kwana huɗu da suka wuce za a duba masa ido, kullum Habu sai ya ce in zo in gaishe shi, kullum sai in ce gobe, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ko a nan ban haɗa ba, wallahi ban haɗa ba, har ina cewa a hanya ai da ya bi dokata da haka ba ta faru ba. Muka ɗunguma asibiti mu shida. Ni ne a gaba kamar kullum, ina isa ƙofar ɗakin na hango farar rigar nan a rataye a ƙarfen gado, gefe ɗaya duk jini da baƙin mai, sannan na ga fuskar. Idonsa a rufe. Na ce wa mutane cikina ya murɗa, na juya, ban san yadda na tsallaka titi ba.

Abin da ya faru, yadda Habu ya ba mu labari daga baya, suna hawa titi suka danne shi, suka ƙwace 'yar wayarsa da abin da ke aljihunsa, suka ce ya kawo katin banki, mutumin da ko ƙofar banki bai taɓa shiga ba. Ba ya jin abin da suke faɗa, su ba sa jin nasa, suka ɗauka taurin kai ne. Da suka gaji suka buɗe ƙofa mota na gudu suka tura shi. Wata Bayarbiya mai gasa ayaba a gefen hanya ita ta bar wutarta ta tare keke ta kai shi asibiti, Allah ya saka mata. Ƙugu ya karye, kai ya fashe, likita ya ce zai rayu amma tafiya sai abin da Allah ya yi. Yanzu yana kwance a ɗakin Habu, layi uku tsakaninsa da gidanmu.

To ga inda abin ya fi ci mini rai. Tsohon nan bai san ni shado ne ba, bai ma san akwai wani abu wai shi shado a duniya ba. A wajensa ni yaron kirki ne da ya matsa masa wuri, fitsari ya fitar da shi Allah ya tsare shi. Habu ya ce duk salla, a kwance yake yin ta, sai ya yi wa yaron nan addu'a, yana cewa alhamdu lillahi da bai dawo ba, da shi za su fi illatawa don matashi ne zai yi gardama. Shi kuwa Habu yana jin labarin ya gane, shekara takwas a Lagos ba wasa ba ce. Ya ce wa uban wannan ba yaron kirki ba ne, shi ne tarkon, da shi aka kama ka. Sun yi ta sa-in-sa a kan haka har uban ya yi fushi ya ƙi cin abinci yini guda, ya ce kada a sake zagin ɗan mutane a gabansa, shi ya ga idon yaron, ba idon mugu ba ne. Habu ya fito waje ya yi rantsuwa a gaban mutane cewa ko a ƙarƙashin teku mai hular nan yake sai ya zaƙulo shi.

Kuma ku canki wa ya zo wa don a taya shi nema. Ya same ni har gida ya ce, "Kai ne ka san kowace tasha, kai ne ka san 'yan agbero masu karɓar kuɗi a tasha, in ba kai ba wa zan kama?" Lahadi biyu ke nan muna zagaya tashoshi ni da shi, daga Agege har Oshodi, ina gaba yana baya, ina tambayar mutane da Yarbanci ko sun san wani Bahaushe mai shuɗiyar hula da ke zama a motoci. Ina jin ni ne mutum na farko tun da aka kafa Lagos da ya biya kuɗin mota yana yawon neman kansa. Kwatancen da tsohon ya bayar, shuɗiyar hula, wushirya, surutu kamar rediyo. Habu da ya faɗa sai ya kalle ni ya ce, "Kai, wannan ai sai ka ce kai," ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun da abin ya faru. Ni ma na yi, hannuna a kan bakina. Hular tana ƙarƙashin katifa tun ranar. Matata ta ce ko maleriya ce ke damuna, don ba ta taɓa ganin na ci abinci ban yi wa miyarta tsiya ba.

Ni yanzu danfo ta gagare ni in ba dole ba. In kwandasta ya buga jikin mota, ba bugun nake ji ba, tafin hannun tsohon nake ji a gilashi. Shekaranjiya ina sahu a masallaci wani ya ce a matsa akwai yaro, ɗansa yake nema wa wuri, wallahi sai da na fita daga sahun na zauna. Ranar nan daga Ikeja a ƙafa na dawo, ni da nake cewa ko bayi zan je in da danfo zan hau. Cukun nan yana cikin gwangwanin madara a saman taga, na kasa ci, na kasa yarwa, in na shiga ɗaki shi nake fara kallo. Duk motar da ta wuce ni sai in ga kamar akwai baƙar leda a kujerar taga an riƙe mini wuri.

Sannan ranar Alhamis da ta wuce na sake ganin motar. Ba zan ɓata ta ba, fitilar baya ta hagu a fashe an liƙe ta da jan salatif, kwandastan nan dai shi ne, matar mai kwando ma tana ciki. A wani gefen titin daban suka tsaya, kuma a taga, a daidai inda na zauna, wani saurayi ne namu da farar hula yana ta hamma. Ban sani ba ko ya san abin da yake yi, ko shi ma yunwa ce. Na laɓe bayan wani kiyos, na ce zan yi ihu, na ce zan je in fizgo yaron, bakin nan da ake ji daga Agege har Mile 12 ko iska bai fitar ba. Motar jami'ai ce ta ɓullo suka ja suka tafi babu wanda ya shiga. Ba ni na hana ba. Gobe in wani ya shiga, shi ma hula zai gani.

Yanzu an yanke ranar Asabar za a mayar da tsohon gida, wai gara ya yi jinya cikin iyalinsa. Kowa a layinmu ya je dubiya, har Inyamurin da ke sayar da batir ya je da lemo, saura ni, kuma an fara magana. Na ce mura nake yi kada in shafa masa, na ce ina da aiki a Idumota, ƙaryata ta ƙare. Tsohon da kansa ya aiko sau biyu, wai ina abokin Habu mai ban dariyar nan da ake ba shi labari, ya zo ya sa shi dariya ko sau ɗaya kafin ya bar Lagos. Jiya Habu ya ce in ban zo ba zuwa Juma'a zai goyo uban a bayansa ya kawo shi ƙofar gidanmu, kuma na san shi, zai aikata.

Na juya abin ta ko'ina. In na gaya wa Habu, mutum ne mai sanyi amma a kan ubansa ban san shi ba, kuma kun san garin nan, mutum ɗaya ya ce ɓarawo kafin ka ce ku tsaya in yi bayani an kawo taya. In na je wajen 'yan sanda in ce na san motar, tambayar farko ita ce ta yaya ka san ta, ni zan fara kwana a ciki, ina da 'ya'ya biyu. Na yi tunanin in fara samun limaminmu ko ɗaya daga cikin manyan unguwa ya shiga tsakani, sai in tuna maganar da ta shiga kunne biyu a Agege kafin magariba ta kai Oyingbo. Ko kuma in ɓace, in ce an yi mini rasuwa a wani gari, in dawo Lahadi, tsohon ya tafi, Habu ya gaji da nema, in ci gaba da shan shayinsa ina kallon idonsa har ƙarshen rayuwata, motar kuma tana kan titi.

Wallahi ban san su ba, ban san abin da za su yi ba, Allah shi ne shaidata. Amma ni na kafa dokar, ni na zauna a taga, ni na miƙa hannu. Masu ilimin cikinku ku gaya mini, haƙƙin tsohon nan yana kaina ko ba ya kaina? In nemi yafiyarsa alhali in ya san gaskiya zan ƙwace masa abu ɗaya mai kyau da yake tunawa a ranar? In fara da Habu, ko da liman, ko da hukuma? Kuma ko ba ku ba ni amsa ba, don Allah duk wanda ya taɓa jin dokar hula a bakin wani ya goge ta, ku shiga tasha ku hau mota a layi ko da za ku makara.

Ba dukan Habu ne ya fi ba ni tsoro ba, na yi tunaninsa har na saba da shi. Abin da nake tsoro shi ne in yi sallama a ƙofar ɗakin nan, tsohon ya juyo, don ko ba hula zai gane ni, kuma na san ba zagina zai yi ba. Habu ya ce har jiya sai da tsohon ya tambaya, wai ranar an yi ruwa sosai bayan sun tashi, ko yaron nan ya samu wata motar?

Yau Laraba. Me zan ce masa?